Tsohuwar makirfo tana suyar ƙosai in an matso ta: a wanke, a sauya kai, ko a haƙura?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina cikin damuwa. Ina da tsohuwar makirfo samfurin U87 da na saya shekara huɗu da suka wuce a hannun wani da ya rufe sitidiyonsa. Tun da damina ta zauna ta ɓullo da wani hali. Mawaƙi zai matso ya fara, baiti ɗaya, baiti biyu lafiya lau, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙosai, daga nan murya ta nutse. In an ja baya an ɗan jira sai ta dawo kamar ba ita ba. Na sauya wayar jona ta, na kai ta kan miksar maƙwabcina, na'urar haɗa sauti, duk kanwar ja ce. Ga Maulidi ya matso, sha'irai sun yi layi. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka.

Na Ƙaura Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumussalam. Datti ne kawai oga. Kwance ragar, ka sami sipirit da tsinken auduga ka goge kafsul ɗin, wato kan da ke ɗaukar murya a ciki, tas, ka bi shi da bulowa mai zafi. Minti biyar an gama. Haka muke yi wa wayar da ta faɗa ruwa.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Kul! Ɗana na Gusau, in ka riga ka ɗauko audugar ka aje ta. Na Ƙaura, Allah shi yi maka albarka, rabin maganarka gaskiya ta, datti na. Amma maganin da kab bada shi aka kira gyaran gangar Abzinawa.

Na Ƙaura Mai Gyaran Waya:
Tuba nake Baba. To a koya mana.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Bari in hwaɗa muku abin da ke cikin ragar nan, don wanda bai san shi ba shi ka ɓata shi. Ku ɗauka kotso na, ƙarami, faɗinshi milimita 34. Akwai tantani na roba da aka kira Mylar, kaurinshi wajen mikron 6. Gashin kanka guda ya ninka shi fiye da sau goma. Bisa tantanin anka fesa zinari, shi kuma bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na mikron ba. Bayan tantanin akwai faranti na tagulla mai hudoji, tsakaninsu 'yar iska ce da ba ta kai kaurin gashi ba. Ba su taɓa juna.

Ana ɗora wuta tsakanin tantani da faranti, bolt hamsin ko sittin gwargwadon irin makirfon. Murya ta bugi tantani, shi matsa gaba shi koma baya, tazarar ta sauya, wutar ta sauya, wannan sauyin shi na sautin da kuka ji. To wutar nan ana shigar da ita ta wata hanya ƙunƙunta ƙwarai, rizisto mai ɗaruruwan miliyoyin om, wasu ma har biliyan guda. Kamar ka cika randa da ɗigo ɗai-ɗai. In randar ta yi tsaga ko yaya take, ruwa ba ya zama.

Tsagar ita ce dattin. Ƙurar hunturu ta kwanta, yawun mawaƙa ya sauka bisa, hayaƙi ya manne su. Duk tsawon rani abin busasshe na, bai ɗaukar wuta, shi ya sa ba ka ji komi ba. Da laima ta zo, ko mutum ya yi huci kusa, sai dattin ya jiƙe ya zama hanya, wuta ta zurare ta gefen tantani. Zurarewar ita ce suyar ƙosai. In ta zurare duka, murya ta nutse. In ya bushe, ta dawo.

Yanzu ka sa auduga ka goga bisa wanga abu, zinarin zai biyo audugar. Ka kawo bulowa, tantanin ya saki ko ya yamutse. Daga nan sai dai ta'aziyya.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Wallahi Baba kamar kana ɗakin. Har na sayo sipirit ɗin jiya, Allah ne ya sa ban buɗe ba. To yaya zan tabbatar kafsul ne ba wani abu a cikin allon lantarkin makirfon ba?

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Gwajin huci. Rage ƙarar abin kunnenka tukuna. Matso da baki kusa da raga, ka yi huci a hankali kamar mai son goge madubi, haaa, ba busawa ba. Lafiyayyen kai zai ɗan yi gurnani ya wuce nan take. Mai datti zai yi ƙas-ƙas ko ya ɗauke, ya jima bai dawo ba. Ka yi ma gaba, sannan ka mai da makunnin kan zanen 8, inda take ɗaukar murya gaba da baya, ka yi ma baya. Wagga makirfo tantani biyu gare ta, na gaba da na baya. Ka hwaɗa man wane ya fi ciwo.

Yaron Jega:
Kafin a yi nisa, an tabbatar ma ta gaske ce? Kasuwa cike take da na bogi, jiki iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ciki kuwa kayan dubu kaɗan. Kar mu zauna muna jinyar jabu.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Na taɓa zare gangar jikin. Akwai wani wuri kamar gidan batir a ciki, babu komai a ciki.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Alama ce mai kyau. Kamfanin Neumann na Balin ya hiddo U87 a 1967, kuma ta farkon tana da gidan batir biyu masu bolt 22.5, don lokacin ba kowace miksa ke ba da wutar fantom ba, wato wutar da ke biyo waya daga miksa zuwa makirfo. Ita kanta fantom mai bolt 48 a 1966 sunka kawo ta. A 1986 anka sake fasali anka hidda gidan batir. Ke nan taka, in ta gaske ce, ta girmi jihar Kabi da ta Zamfara duka. Masu jabu ba su cika wahalar da kansu da gidan batir ba.

Sha'irin Mafara:
Ikon Allah. Ashe kakarmu muke yi wa tsawa kullum.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Na yi gwajin. Ta gaba ta ɗauke ɗif, na ƙirga har arba'in kafin ta dawo. Ta baya ta ɗan yi ƙara kaɗan ta wuce.

Na Yauri:
Ni dai shawarata ka tura ta cikin buhun shinkafa kwana biyu. Mu nan bakin ruwa laima ba baƙuwarmu ba ce, haka muke yi wa komai.

Sha'irin Mafara:
Mutanen Kabi ke nan. Ko ciwon kai ka kawo musu sai su ce shinkafa.

Na Yauri:
Da kifi. Kar ka manta da kifi.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Shinkafarmu ta tukunya ce. Tana da gari, garin zai bi raga ya ƙara ma Barno dawaki. Ku nemi 'yan ƙullin nan da ke zowa cikin kwalin takalmi ko na magani, masu ƙwayoyi kamar gishiri, silika. Ka tara da yawa. In sun daɗe a waje sun riga sun sha laima, sai ka gasa ƙwayoyin a wuta marar ƙarfi wajen awa biyu, su huce cikin kwalba rufe. Ka sa makirfo da su cikin roba mai murfi mai kamawa, kwana ukku. Kak ka shanya ta a rana. Kak ka aje ta bisa janareta wai don ɗumi.

Amma ka sani busarwa ba ta hidda datti. Tana kwantar da ciwon ne. In ta lafa ka samu ka yi aikin Maulidi, to, amma dattin na nan yana jiran wani hucin.

Yaron Jega:
Baba da girmanka, ni ina ganin ana wahalar da bawan Allah. Kafsul ɗan Sin mai milimita 34 yana nan a intanet, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A cire tsohon a jefar, a ɗaura sabo, a wuce wurin. Waƙar da za a saurara a wayar hannu ta lasifika kamar ƙwayar gero, wa zai gane bambanci? Mu daina bautar tsofaffin kaya.

Hajiyar Shiri, Argungu:
Ni zan gane. Shekara goma sha ina karanta sanarwa da talla. Akwai makirfon da in na ce "sassafe" sai ka ji kamar ana yaga leda a kunnenka, dole mai haɗa sauti ya zauna yana dannewa har muryar ta zama ba tawa ba. Akwai kuma wadda zan karanta sau ɗaya a ce ya yi. Mai saurare ba zai iya faɗa maka dalili ba, amma yana sauya tasha.

Yaron Jega:
Hajiya wannan yagar ledar ni ma na gamu da ita, ban musa ba. Na taɓa sa irin wannan kafsul a wata gangar makirfo mai arha, sin da shin suka zama wuƙa.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
To ka ba kanka amsa, ɗana. Kan da ke cikin U67 ta 1960 da U87, da gangan anka yi shi yana ɗaga siririn sauti na sama, sannan anka sa wani sashe cikin allon da ke mai da shi daidai. Tare anka auna su. Masu kwaikwayo sunka kwafi kan, sunka manta da allon, shi na wuƙar da kaj ji. In allonka miƙaƙƙe na, bai rage komi, kwaikwayon wani irin kai da aka kira K47 ya fi zama lafiya da shi.

Sannan ga wani abu. U87 ta farko farantanta na baya guda biyu a rabe suke, wuta ba ta ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya, waya huɗu ke hita daga kan. Mafi yawan na kasuwa farantansu a haɗe suke, waya ukku. Ka ɗaura shi, zanen 8 ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Kuma rannan da kac cire kan asali kaj jefar, rabin darajar makirfon ta bi shi bola. Ban hana a sa sabo a yi aiki ba. Amma tsohon a naɗe shi a aje.

Yaron Jega:
Na karɓi maganar waya huɗu, ban san da ita ba. Maganar daraja kuwa, wanda zai sayar ita ta dama. Mu aiki muke.

Ƙaramin Furodusa, Zuru:
Don Allah a yi haƙuri na katse. Tawa makirfon BM-800 ce, murya ta yi ƙasa sosai tun da na bar ta a mota. Ita ma wankin za a yi?

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
A'a ɗana. Taka irin da aka kira ilektaret ce, wadda wasu masana biyu, Sessler da West, sunka ƙirƙiro a Amurka a 1962. Ita cajinta a daskare yake cikin robar tun daga masana'anta, ba a ɗora mata daga waje. Zafi mai yawa na iya korar cajin, kuma in ya tahi ya tahi. Motar da anka rufe a rana tanda ce. Duba waya da wutar da kake ba ta tukuna, in duk lafiya, sayi wani ɗan kan ka liƙa. Nan kam ni da na Jega bakinmu ɗaya.

Hajiyar Shiri, Argungu:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Ku masu sitidiyo ku ne ke kashe kayanku. Za a turara ɗaki da turaren wuta har ba ka ganin na kusa da kai, wai a karrama baƙo. Da dare a kunna maganin sauro a rufe ƙofa. Makirfo tana tsaye tsirara a kan sanda tun daga hunturu har bazara. Mawaƙi ya shigo da goro a baki, ya ture rariyar gaban ya ce tana tare masa murya, kai kuma kana jin nauyin yi masa magana don shi ke biya. Ni wurin da nake aiki, in an tashi ana zura mata leda mai tsabta da ƙullin silika a ciki, ba a ɗaure bakin, sai da safe.

Sha'irin Mafara:
Hajiya a bar maganar goro, ana kallonmu.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Malam ai kai ne na farko a layin ranar Asabar. Ka ji dai da kunnenka.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Salam. Yau kwana uku, na fito da ita daga robar. Ta yi sauƙi ƙwarai, na yi rabin awa ina magana ba ƙara. Amma da na yi huci ta sake ɗaukewa, sai dai ta dawo da wuri. Na cire ragar a hankali na ɗauki hoto da fitila, gaba da baya, na tura. Ban taɓa komai ba.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Na gani, na sa jikana ya buɗa man hoton. Labari biyu na. Na baya lafiya lau, zinari shimfiɗe, 'yar ƙura ce kawai. Na gaba ya sha wuya. Ɗigon nan ja-ja yawu na da ya bushe. Amma dubi gefen hagu inda haske ke ratsawa kamar an share da yatsa. Wani ya riga mu, ya goga, zinarin wurin ya tahi. Ba kai ba ne, tsohon tabo na.

Abin da ban gani ba shi ya faranta man rai: ba huda, ba yamutsa, tantanin bai manne da faranti ba. In da irin tsohon kan nan na M7 na, wanda ke cikin makirfon U47 na farko, da ban ba ka fata ba. Shi tantaninshi PVC na, yana bushewa da shekaru ya tsattsage kamar tsohuwar fatar ganga, ba wankin da ke mai da shi. Shi ya sa daga baya anka koma Mylar, wanda ke jure shekaru in ba a taɓa shi ba.

Na Ƙaura Mai Gyaran Waya:
To Baba in auduga haramun ce, da me ake wankin?

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Da ruwa da haƙuri. Amma ba kowane ruwa ba. Fiya wata na da gishirin ƙasa a ciki, in ya bushe zai bar abin da ya fi dattin ɗaukar wuta. Ruwan batir na bakin titi ban yarda da shi ba, ba ka san abin da anka zuba ba. Je kemis ka sayi ruwan haɗa allura, tsantsa, ka karanta jikin kwalbar kak a ba ka mai gishiri. Ka nemi buroshin masu zane mafi laushi, sabo. A kashe fantom, a zare waya, a jira mintoci wuta ta sauka. A wanke hannu, a sa safar roba, don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya jawo ƙas-ƙas.

Sai a karkata kan, a ɗauko ɗigo guda a bakin buroshi a aje bisa dattin. Ruwan ka taɓa tantani, ba gashin ba. A bar shi ya jiƙa, a ja ɗigon zuwa gefe, a tsotse da bakin takarda mai laushi. A sake. Ɗigo ɗigo, ko sau talatin ne. Kak ruwa ya shiga bayan tantani ta hudoji. Kak a taɓa sukurorin da ke zagaye da zoben, ko na tsakiya. Su ke riƙe da ɗaurin, in ya kwance ba mai mai da shi nan ƙasar da na sani. Bayan nan a koma robar silika kwana biyu kahin a ba ta wuta.

Kuma in gaya muku gaskiya, tantanin da zinarinshi ya fara tashi, ko ruwan na iya ɗaga saura. Shi ya sa ga wanga kai ina da wata dabara. Tunda na baya lafiyayye na, a juya kan, baya ya koma gaba, a sauya wayoyin su bi shi. Mawaƙi ɗaya gaban makirfo tantanin gaba ɗai ke mai aiki. Mai tabon ya koma baya ya huta, a yi mai wanki sama-sama wajen gefe inda wuta ke zurarewa.

Yaron Jega:
Wato a juya riga a sa ta bai-bai. Dabara ce, amma ba gyara ba ne Baba.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Ban ce gyara na ba. Gyara na gaskiya shi na a sake ɗaura sabon tantani, kuma masu yin haka da kyau 'yan kaɗan na a duniya, Jamus da Amurka da wasu wurare. Sai ka aika, ka biya da kuɗin waje, ka jira watanni. In ya dawo zai yi aiki, amma ɗaurin wani hannu na, ba lalle muryar ta zan irin ta da ba. Makaɗin kotso ya san haka, in ya sake fata sai ya yi kwanaki yana neman muryar gangarshi.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Baba ko in kamo hanyar Sakkwato in kawo maka ita? Ni hannuna ba zai iya ba, tsoro nake ji.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Da shekara goma baya ne da na ce taho. Yanzu hannu na rawa, ido ya yi ƙasa. Ga na Ƙaura nan kusa da kai. Mai liƙa ƙafar caji ƙarƙashin madubi yana da hannun da ni ban da shi. Gaggawa ɗai za a cire mai. Ku kira ni ta bidiyo, in zan ido, shi zan hannu. Shi ɗauki hoton wayoyin huɗu kahin ya kwance ko ɗaya. In ya kai ga dalma, ya goge maiƙonta tas daga wurin liƙin, nan kam sipirit ɗinshi na da amfani.

Na Ƙaura Mai Gyaran Waya:
Na yarda. Zan bar bulowa a shago don kar shaiɗan ya zuga ni.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Alhamdu lillahi jama'a. Shekaranjiya muka yi aikin, awa uku da rabi, sau biyu kati yana ƙarewa. Na Ƙaura gumi har cikin ido, ya ce gara ya sauya gilashin waya goma. Yau da asuba na ba ta wuta. Na yi huci sau uku, ba ta ɗauke ba. In na mai da ita zanen 8 har yanzu akwai 'yar ƙara can ƙasa, amma ni ba na aiki da shi. Mun ɗauki ƙasida biyu da safen nan. Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ƙara lafiya.

Yaron Jega:
Barka. Mu dai ga ƙarshen watan Satumba tukuna, laima ba ta gama ba. In ta sake, ina da adireshin masu waya huɗu, na nemo.

Baba Injiniya, Birnin Kabi:
Aje adireshin, ana iya bukata. Na Gusau, ɗauko man muryar mutum ɗaya yana karatu, ba kiɗa, ba gyara, ka turo in saurara. Ina son in ji ko na bayan ya yi daidai da yadda ni san ta.

Sha'irin Mafara:
Ni dai a rubuta a ajiye, an karɓe mini goro a bakin ƙofa, an sa ni kurkure baki kamar mai alwala, an kuma ja mini layi da alli a ƙasa an ce kar in tsallake. Admin a duba lamarin nan.